Garwashin Sama a Ɗakin Ajiyar Mijina

Shekara talatin da huɗu mijina ya yi a ɗakin ajiyar kaya na tashar jirgin ƙasa, kuma ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Kada ku ɗauka yabonsa nake yi. Ni da na zauna da shi, ni na san abin da halin nan ya ci mini. Mutum ne da in ka ba shi ajiyar cokali sai ya nemi takarda ya rubuta kamanninsa. A gida ma, in na ce ya miƙo mini almakashi, kafin ya miƙo sai ya tambaya wa ya cire shi daga ƙusarsa.

Ɗakin nasa ba wani girma gare shi ba. Taga ce ɗaya mai sandunan ƙarfe, da tebur na katako wanda hannun matafiya ya goge shi har yana ƙyalli, da kantoci bakwai daga ƙasa har rufi, sai wani tsohon tsani da ya fi ni ƙorafin gwiwa. Aikinsa kuma layi ɗaya ne. Ka kawo kaya, ya ɗaura musu kati da zare, ya yago maka tikiti mai lamba. Ka dawo da tikiti, ka ɗauki abinka. In babu tikiti, ko kai ka haife shi sai dai ka yi haƙuri. Kayan da suka cika wata uku ba a zo an sabunta katinsu ba, dokar tasha ta ce a fitar da su a kai gwanjo. Mutane suna ce masa Mai Ajiya. Ni kuwa in raina ya ɓaci, Malam Ba-Tikiti nake kiransa, kuma ko a jikinsa.

'Ya'yanmu mata uku ne, sai namiji ɗaya, Auta. Aikin lantarki ya koya, yana da hannu mai kyau. Yana shekara sha tara tsawa ta same shi a kan falwaya. Muka ɗauka shi ke nan, sai ya farka a asibiti da wuta tana tsalle a tsakanin yatsunsa. A garinmu wannan ba sabon abu ba ne. Akwai masu tashi sama, akwai masu ɗaga babbar mota da hannu ɗaya. Wasu sukan zama jarumai masu tsaron gari, su sa rigunan nan masu matse jiki da mayafi yana filfilwa a baya. Wasu kuma su bi ɗaya hanyar. Waɗanda suka fara zuwa gaishe da Auta a gadon asibiti 'yan ɗaya hanyar ne.

Wata safiya ya je tagar ubansa da jakarsa ta aiki, ya ɗora a kan tebur.

"Baba, ka ajiye mini wannan. Da yamma zan dawo."

Uban ya ɗaura kati, ya yago tikiti, ya miƙa masa kamar kowane matafiyi. Bai tambaye shi ina za shi ba. Wannan rashin tambayar na daɗe ban yafe masa ba.

Bayan mako biyu ɗakin sigina na tashar, inda ake ba jirage alamar hanya, ya ƙone ƙurmus, kuma an ga wanda ya yi. Ba a rasa rai ba, amma daga ranar ɗana ya zama Tartsatsi a bakin gari. Shekara guda yana ɓarna kafin a kama shi, ya yi bakwai a gidan yari. Ni kaɗai nake zuwa ganinsa. Mijina kullum sai ya wuce ta gaban ƙonannen ginin nan zai shiga aiki, kuma tun daga lokacin sunan yaron bai ƙara fitowa daga bakinsa ba. In na ambace shi, sai ya tashi ya je duba ko an kulle ƙofa.

Da Auta ya fito, sai ya shiga cikin tubabbu, wato tsofaffin maɓarnatan da suka daina, suke bi suna gyara abin da suka lalata. Da hannunsa ya sake jan wayoyin sabon ɗakin sigina. Yakan leƙo ni da hantsi, lokacin da ya san uban yana tasha, ya gyara mini fanka ko da lafiyarta lau, ya gudu kafin azahar. Shekara huɗu muna wannan ɓuya. Ni dai abu ɗaya nake roƙon Allah: kafin ɗayanmu ya rufe ido, in ga uba da ɗa sun ci abinci a kwano ɗaya. Ban nemi fiye da haka ba.

Sai Garwashin Sama ya faɗo.

A filin ƙwallon bayan gari ya sauka, girmansa bai wuce ƙwan kaza ba, yana haske ba ya hucewa. Masana suka ce wanda ya riƙe shi a tafin hannu zai iya matsar da dutse, ya juya teku, ya tsayar da rana a inda take, kuma ƙarfin ba ya ƙarewa. Aka rufe shi a akwatin dalma, rigima ta tashi. Jarumai suka ce a ba su, su kawar da fari da ambaliya gaba ɗaya. Tubabbu suka ce a'a, mu mun ɗanɗana ƙaramin iko mun ga abin da ya mayar da mu, wannan a rufe shi kawai. Jarumai suka ce ku da kuka ƙona gari za ku koya mana hankali? Wata huɗu suna abu ɗaya, daga zauren taro a koma sararin sama. Sau biyu iskarsu tana kwashe mini shanya, zanin gadona ɗaya har yau ban gan shi ba.

Ba su yarda da banki ba, ba su yarda da sojoji ba, ba su yarda da juna ba. Ana cikin haka wani ya ce da wasa, to a kai wa Mai Ajiya na tasha mana. Aka yi dariya, sannan aka amince, don kowa a zauren ya taɓa barin jaka a wurinsa ya dawo ya same ta yadda ya bar ta.

Ina wurin ranar da suka kawo, na kai masa abincin rana. Mijina ya gyara tabarau ya rubuta a kati: akwatin dalma ɗaya, mai nauyi, babu lotsawa. Ya yago tikiti, ya ninka shi, ya raba biyu. Rabi ya ba shugaban jarumai, wani dogo da ake kira Guguwa. Ɗaya rabin kuma tubabbu suka turo wanda suka zaɓa ya karɓa. Ɗana ne. Uban ya zura takardar ta tsakanin sanduna, idonsa a kan tebur.

"Wanda ya kawo rabi biyu shi zan ba," in ji shi. "In wata uku ya cika ku zo a sabunta kati, in ba haka ba gwanjo za a kai shi."

Jama'a suka kwashe da dariya. Shi kuwa da gaske yake. Ya ɗauki abin da duniya take faɗa a kansa ya ajiye a kanta ta biyu, tsakanin keken ɗinki da ɗaurin laima.

Da ya dawo gida na ce, "Malam, abin nan ba zai gyara mini gwiwa ba?"

"Ba namu ba ne."

"To zuciyar uba fa, zai iya tausasa ta?"

Ya tashi ya je duba ƙofa.

Ranar da wata uku ya cika, na iso da kwanon abinci na tarar da tasha ta cika maƙil. Guguwa ne ya fara sauka, rigarsa duk laka, idanunsa jawur. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Daga wani gari da ruwa ya ci ya taso, ya kwana biyu yana tsamo mutane, kuma ba duka ya tsamo da rai ba. Ya buga rabin tikitinsa a kan tebur.

"Baba, ba sabuntawa na zo ba. Ba ni akwatin. Da yana hannuna da yanzu yaran can suna raye."

"Allah Ya jiƙan su," in ji mijina. "Amma rabi ne wannan, yallaɓai."

"Takarda kake duba ana mutuwa?"

"Ita aka ba ni in duba."

Guguwa ya kama sandunan tagar, suka lanƙwashe kamar ɗanyen kara. Shi kuma in ransa ya ɓaci iska ce take tashi, ba da niyyarsa ba. Huluna suka tashi, jaridu suka watse, rabin tikitin nan ya bar tebur, ya yi 'yar rawarsa a sama, ya sauka a gaban takalmin wanda ya shigo daga baya. Auta ya sunkuya ya ɗauka. Nasa rabin yana ɗaya hannun.

Kowa ya zuba masa ido. Auta ya tako har gaban taga ya ajiye takardun biyu.

"Kada ka ba shi," in ji Guguwa. "Ka san ko wane ne wannan?"

"Na fi ka sani," in ji mijina.

Mijina ya haɗa rabi da rabi, yagar ta dace, ya duba lamba. Ya juya ya ciccibo akwatin, yana nishi, ya ɗora a tebur, ya buɗe 'yar ƙofar gefe ya tura. Sannan ya ɗaga kai ya dubi ɗansa, karo na farko a shekara sha biyu. Wallahi a lokacin na tsane shi, don gani nake ya jefa yaron a rami saboda wata tsiyar doka. Daga baya ne na gane ya fi ni jin tsoro, kuma duk da haka ya miƙa.

Auta ya ɗora tafinsa a kan murfin. Tartsatsi ya fara tashi a yatsunsa, haske yana tsartuwa ta bakin akwatin. Ya gaya mini daga baya cewa abin bai yi masa tayin mulki ko dukiya ba. Nuna masa ya yi zai iya goge shekarun nan sha biyu daga zuciyar kowa, ya zama ba a taɓa yin gobarar ba, ya koma gida da yamma kamar yadda ya ce. Ya daɗe a tsaye, gumi yana bin wuyansa. Sai ya tura akwatin ya koma ciki.

"Sabuntawa muka zo, Baba."

Ya ɗauki rabin Guguwa ya miƙa masa. "Ni ma na ji yana kirana, kuma da abu mai kyau ya kira ni. Haka yake farawa. Garin nan da ruwa ya ci, muna da mutum arba'in masu ƙarfi a zaune, in kuna so mu tafi tare."

Guguwa ya dubi takardar, ya dubi sandunan da ya lanƙwasa, kunya ta kama shi. Ya miƙar da su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ku shirya, ƙarfe uku za mu tashi."

Mijina ya rubuta sabon kati ya ɗaura. Jama'a suka fara watsewa, amma Auta bai motsa ba. Ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, ta yi laushi, ta koma ruwan ƙasa, an liƙe tsakiyarta da salatif.

"Akwai wannan kuma," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na san wata uku ya wuce tuni, na san an kai gwanjo. Takardar dai nake so in dawo maka da ita."

Uban ya karɓa. Ko tabarau bai gyara ba. Ya jawo tsani ya jingina, ya hau a hankali har kanta ta bakwai, ya sauko da jakar aikin nan. Babu ƙura a jikinta. A hannun jakar akwai tarin katuna ɗaure da zare, sun yi kauri kamar littafi. Na matsa na duba. Duk rubutunsa ne, kati ɗaya a kowane wata uku, arba'in da takwas cif. Mutumin da bai taɓa karya doka don kowa ba, ashe shekara sha biyu yana hawa tsanin nan yana sabunta wa kansa kati, ni ina gida ina ce masa mai zuciyar dutse.

Ya tura jakar ta 'yar ƙofa.

"Ka ce da yamma za ka dawo," in ji shi. "Ga shi ko la'asar ba ta yi ba. Shigo ka ci abinci kafin ku tafi, Auta."

Na buɗe kwano a kan teburin, ina kuka ina masifa, don abincin mutum ɗaya na zubo kuma ba wanda ya gaya mini za a yi baƙo. Cokali ma ɗaya na kawo. Uban ya ci loma biyu ya miƙa wa ɗan, ɗan ya ci ya mayar masa, ni kuwa na zauna a kan akwatin wani matafiyi ina kallonsu har suka ga ƙasan kwanon.