Jiƙaƙƙen Ƙyallen Maharazu

Duk wanda ya taɓa shan shayi a bakin tashar Illela, inda motocin Ƙonni ke lodi, ya san teburin Maharazu Bato. Shayinsa na da daɗi, amma ba shi ya fitar da sunansa ba. Wata ɗabi'a gare shi: kafin ya ɗora kofi ko faranti, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya ɗebi ruwa da hannu ya yayyafa masa har ya jiƙe. A garin da ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa! In baƙo ya tambaya, sai ya gyara hula ya ce, "Zamna, ɗan'uwa, abin na da tarihi."

Yana sabon ango ya bi motar albasa zuwa Abijan, neman abinci ya yi ta tura shi gaba har Dakar. Wata rana ya kai buhun albasa wani ƙaramin jirgin ruwa mai yawo da 'yan buɗe ido, irin wanda mutanen can ke kira bato. Babban kukun jirgin, wani tsoho ɗan Banjul, ya ga saurin hannunsa wurin yanka, ya riƙe shi. Haka mutumin da bai san ruwan da ya wuce tabkin Kalmalo ba ya zama ɗan teku.

Jirgin ba babba ba ne, fasinjojinsa ba za su cika masallacin unguwa ba. Yawancinsu tsofaffin Turawa ne. Da hantsi a buga ƙararrawa, su fito su ci burodi da man shanu. Daga nan wasu su kafa madubin hangen nesa suna kallon tsuntsaye, wasu su yi karta, wasu su kwanta a rana har su yi ja kamar attaruhu, abin da Maharazu bai gane amfaninsa ba har yau. In an tsaya a wani tsibiri, su sauka su sayo ƙwarya da tsada, su dawo suna murna. Shi kuwa kowace salla sai ya hau wurin mai tuƙi ya tambayi gabas, don alƙiblar azahar ba ita ce ta la'asar ba. Ranar ƙarshe ta kowace tafiya kyaftin ke kiran walima, kowa da cokula har uku, Maharazu cikin farar riga yana miƙa faranti ta hagun mutum.

A irin wannan walimar ne teku ya fara nuna masa hali. Jirgi ya karkata, kwanon miya ya zame ya sauka a cinyar wata tsohuwa Bafaranshiya. Tsohon kuku bai yi faɗa ba. Ya kama hannunsa ya tsoma a ruwa, ya yayyafa wa ƙyallen tebur. Jiƙaƙƙen ƙyalle yana riƙe faranti, komai rawar jirgi.

Duk damina, in baƙi sun yi ƙasa, yakan dawo gida wurin matarsa Mahbuba da labari fal bakinsa. Ita kuwa abu ɗaya ta fi so ya maimaita, wato yadda rana ke zuba a kan ruwa da yamma, ruwan ya koma kamar narkakken zinari. Sai ya ce mata, "In Allah ya yarda sai kin ci abinci tsakiyar ruwa, ni ka miƙa miki faranti."

Daga baya aka sayar da jirgin. Maharazu ya dawo da farar rigarsa da ƙyallen tebur guda, ya kafa shayi. Yara suka girma suka yi aure. Alkawarin ya koma abin tsokana. In ya jiƙa ƙyalle a gida kafin tuwo, sai ta ce, "Malam, gidanga bai motsi. Bar min ruwana."

Sannan yanar ido ta fara rufe mata gani. Na hagu ya tafi, na dama ya rage kaɗan. Likita ya sa ranar aiki bayan kaka, amma bai ɗauki alkawarin komai ba. Wata safiya Maharazu ya gan ta tana laluben buta, alhali butar na gabanta. Ranar shayinsa bai yi daɗi ba.

Allah da ikonsa, a shekarar an yi damina mai ƙarfi, tabkin Kalmalo da ya saba ƙafewa ya cika har baki. Maharazu ya rufe tebur ya tafi wurin Maccido, tsohon masunci abokin ƙuruciyarsa.

"Mi kac ce? Walima cikin kwalekwalena?" Maccido ya yi dariya har da tari. "Kai da tsohuwa? Tsufa ya taɓa ma kai, Bato."

"Kai dai wanke shi. Ƙarnin kihi ya yi yawa."

"To, ni ne kyaftin ke nan. Sai ka sara min."

Bayan la'asar suka iso a kurkura mai ƙafa uku, da kular shinkafa da soyayyen kifi. Mahbuba tana ta mita a hanya, wai mutane za su ce sun haukace, amma ta saka atamfar da ta fi so. Ya riƙe hannunta ta shiga. Farar rigarsa ta jirgi ta ƙi maɓalli a tumbi, ya bar ta a buɗe. Maccido ya tura su tsakiya, aka gitta katako ya zama tebur, Maharazu ya shimfiɗa ƙyalle, ya buga cokali a kofi maimakon ƙararrawa.

Rana ta yi ƙasa. Ya juya ta ta fuskanci yamma. Ta daɗe tana ƙifta idon nan guda.

"Malam," ta ce a hankali, "ashe ba ƙarya kake ba. Ga shi can yana ƙyalli."

Yana can yana kallon fuskarta, Maccido ya gyara tsayuwa, kwalekwale ya karkata, faranti ya zame ya tsaya a gwiwarta. Maharazu Bato, wanda bai taɓa mantawa ba ko a tsandauri, yau ya manta a kan ruwa.

Mahbuba ta shafa ƙyallen ta ji shi a bushe. Ta miƙa hannu ta ɗebo ruwan tabki, ta yayyafa masa sosai, ta mayar da farantin wurinsa. Ya zauna daram.

"To, wanga gida na motsi," ta ce. "Miƙo min kihin. Ta hagu, yadda kake ma Turawa."