Jan Kafson da Na Sayar a Lagdo

Kafin in zama ɓarawo, mai shara ne ni a wani asibiti a Garwa, ɓangaren masu tarin fuka. Ina da iyali, ba mai kuka da ni. Sai dai ba na ganin abu in ƙyale, sai na san kansa.

Akwai wani jan kafso da ake ba majinyata da safe, rifamfisin. In na je wanke bayi sai in tarar fitsarinsu ya rine kamar zoɓo. Na tambayi wata nas ko jini ne. Ta yi dariya, ta ce, "Launin maganin ne, Malam. Har gumi da hawaye yana rinawa."

Ban yarda ba. Na saci ƙwaya ɗaya na haɗiye, kafin azahar na gani da idona. Da na ba wani abokina mai fataucin kifi labari, sai ya ce, "Kawo shi kasuwar Lagdo, can bakin dam. Mutane za su ce dattin jini yake fitarwa."

Daga ƙwaya na koma kwali. Ranar kasuwa in shimfiɗa tabarma a bakin ruwa ina tallan maganin wankin jini. Duk wanda ya sha ya ga ja, sai ya dawo da ɗan'uwansa.

Cikin masu sayena akwai wani dattijo masunci, Bappa Hamadu, mai tari. Yakan sayi kaɗan, in tarin ya lafa ya daina. Rannan aka kawo shi ɓangarenmu, duk ya ƙare. Na ji likita tana cewa ya sha jan kafson nan shi kaɗai, ba tare da sauran magungunan tarin fuka ba, a tsittsinke, har cutar ta daina jin sa. Ina cikin shara ya ɗago kai ya gane ni.

"Ɗana! Likita, ga mai maganina nan," in ji shi, yana murna.

Likita ta dube ni. A ranar jandarmomi suka tafi da ni. Ina jiran shari'a aka ce Bappa ya rasu.

Da na fito daga kurkuku na je Lagdo neman gafarar matarsa. Maƙwabta suka ce ta koma wajen danginta, ita ma da tari. Har yau ban same ta ba.

Na tuba, yanzu albasa nake sayarwa. Samari, ku yi tambaya, amma kada ku kai hannu ga abin da ba naku ba. Mai tari kuma ku kai shi asibiti, kada ku kawo shi tabarmar irina.