Ta Fara Daga Shafin Ƙarshe

Tun da na dawo daga karatu a waje, ba na saurin yarda da binciken haɗin gwiwa tsakanin jami'o'i. Na sha ganin namu su sha rana su tattaro bayanai, amma idan rahoto ya fito sai a jefa sunansu cikin layin godiya a can ƙarshe.

Yau a ofishin bincike ina kallon wata mata mai kimanin shekara hamsin tsaye gaban injin buga takarda. Farar rigar ɗakin gwaji ce a jikinta, takalmanta duk busasshen taɓo. Sakatare ya raɗa mini cewa shekara uku tana bin rijiyoyin ƙauyuka tana auna ruwa, likitoci da injiniyoyin ƙasashe huɗu suna aiki da sakamakonta. Yau aka aiko rahoton.

Yana fitowa ta buɗe shafin ƙarshe, tana bin layin godiya da yatsa. Babu sunanta. Ta sake bi.

"Malama, ke ma dai! Daga gaba ake fara karatu," in ji sakatare.

Ta juya shafin farko. Ga sunanta na uku cikin marubuta. Ta sauke ajiyar zuciya, ni ma na sauke tawa.

Na ce, "Yaya, me ya sa kika fara daga baya?"

Ta yi dariya tana goge ido. "Ƙanena, shekara ashirin a can nake samun kaina."