Otal Ɗin Da Iya Ta Zaɓa

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, ina aji huɗu na firamare, saura mako biyu a ba mu hutun ƙarshen shekara, Baba ya durƙusa gaban mahaifiyarsa a tsakar gidanta na ƙauyen Ƙofa da ke ƙasar Kusada, ya zaro wasu takardu uku masu sheƙi daga aljihu ya jera su kan tabarma. Iya, wato kakata, tana ɓarar gyaɗa a faifai, ni kuma wai ina taya ta, in ɓare uku in jefa ɗaya a baki. Ban taɓa ganin takarda mai kyalli irin wannan ba. Na kai hannu zan ɗauka, Iya ta make mini yatsu da ɓawon gyaɗa a hannunta, ta ce in je in wanko hannu tukuna. Kafin in dawo daga bakin randa har Baba ya fara bayani, murya ƙasa-ƙasa, cewa hotunan otal-otal ne na Abuja, yana so ta zaɓi wanda za mu sauka.

A Kankia muke zaune lokacin, Baba yana aiki a sashen gona na ƙaramar hukuma, duk Juma'a kuma sai ya goya ni a babur mu tafi Ƙofa, in kwana biyu wurin Iya. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya iya kiran sunana, sai dai Ummi, ita kuwa takwara take ce mini. A daminar shekarar an tura shi bita Abuja, ya dawo da labarin wani filin wasan yara wanda ya hana ni sukuni: wai akwai lilo kamar ƙafar keke, amma ya fi rimi tsawo, mutane na zaune a jikinsa yana juyawa da su. Ni lilon da na sani igiyar guga ce da muke ɗaurawa a reshen tsamiya, mu sa tsumma mu zauna. Da waken gonarsa ya yi albarka a kakar, sai ya ce zai kai mu, kuma a babban otal za mu kwana, irin wanda ya gani daga waje. Amma fa ya gindaya sharaɗi. Iya ita kaɗai ta raine shi bayan rasuwar mahaifinsa, da sana'ar daddawa, kuma ba ta taɓa wuce Katsina ba. Ya ce ƙafarsa ƙafarta, idan ba ta je ba, babu mai zuwa.

Matsalar ita ce ni bakina ba ya riƙe magana. Tun kafin Iya ta ji zancen na riga na baza shi a makaranta. A filin 'yar gala-gala na faɗa, a wurin carafke na ƙara gishiri, har na ce lilon yana taɓa gajimare. Jummai, wadda muke benci ɗaya, ta riƙe ƙugu ta ce ƙarya nake yi, in dai na hau a canza mata suna. Saboda haka duk lokacin da Iya ta buɗe baki a ranar nan, sai in kasa kunne in ji ko za ta ce ba ta zuwa.

Abin da ta fara tambaya shi ne, “Gidan wa?” Baba ya ce ba gidan kowa ba ne, masauki ne na baƙi. Ta ajiye faifai ta dube shi kamar ya yi saɓo. A iya saninta, mutum ba ya kwana a garin da bai sani ba sai a hannun wani. Ka isa, ka yi sallama, mai gida ya fito ya karɓi kayanka, ya tambaye ka hanya da mutanen gida, daga nan ka zama amanarsa har ka tafi. Ko fatake da ke kwana a zauren mai unguwa sun san a hannun wa suke. Ta shiga lissafa dangi, daga na Rimaye har wanda ya tafi ci-rani bai dawo ba, ko za a sami wanda ya yi gida a Abuja. Ba a samu ba. Can ta ce ya bar takardun, za ta duba.

Washegari da hantsi, bayan na share tsakar gida na zuba wa kaji dusa, muka zauna a gindin rumbu muka buɗe su. Ni ce mai karatu, amma Turancina bai wuce na aji huɗu ba, sai muka koma kallon hotuna. Na farkon dogo ne fitik. Iya ta sa yatsa tana ƙirga tagogi daga ƙasa, ta kai sha biyu ta tsaya, ta tambaye ni wanda ke can sama idan ya so shan iska a tsakar gida yaya yake yi. Na biyun yana da wani tafki a tsakiyar gida, ruwansa shuɗi shar. Muka daɗe muna gardama a kansa, ni na ce bula aka zuba, ita ta ce marina ce. Ni dai shi raina ya so, don akwai gado a ciki wanda zai ɗauke mu ni da ƙannena biyu har da Jummai. Iya ta juya takardar gaba da baya, ta duba ɗakin cin abinci, kujeru reras, faranti a jere, babu ko mutum ɗaya. Ta ce, “Takwara, wanga gida annoba ta shiga ne?”

A kan na ukun ne ta tsaya. Ginin bai kai na farko tsawo ba, amma a bakin ƙofarsa ga wani dattijo tsaye, da jar riga mai maɓallai da hula, furfura ta fara fito masa a gemu, ya dafa ƙirji da hannun dama yana murmushi. Iya ta kai hoton dab da idonta, ta nesanta shi, ta sake matso da shi. Ta ce ka ga mutumin kirki, duk arzikin nan da Allah ya ba shi bai hana shi fitowa ƙofa tarar baƙi da kansa ba. Ranar Lahadi da Baba ya zo ɗaukata, ta nuna masa takardar ta ce gidan wannan bawan Allah za ta sauka. Na ga Baba ya buɗe baki, ya dubi hoton, ya dube ni, sai ya sosa ƙeya ya ce to. Ni ban fahimci komai ba a lokacin, tsalle kawai nake yi.

Sai shirin tsaraba, don Iya ba ta shiga gidan mutum hannu rabbana. Ta ƙulla daddawarta mai kyau a ganye, ta daka kuka ta tankaɗe, ta cika kwalba da man shanu, ta surfa gero. Ranar tafiya da sassafe ta sa aka kamo zabbi biyu aka ɗaure musu ƙafafu. Ummanmu ta ja Baba gefe tana yi masa raɗa, shi kuwa ya ce a bar ta kawai. Haka muka cika motar da ya yi shata, ƙannena na barci, zabbi na kuka a but ɗin motar, ni ina manne da taga ina tambayar sunan kowane gari har direba ya gaji ya daina amsa mini.

Mun isa wajen la'asar. Na gane ginin tun daga nesa, amma babu kowa a ƙofar. Iya ta tuɓe takalmanta ta ajiye a waje, ta rangaɗa sallama. Wani sanyi ya buso mana daga ciki, ƙasan kuwa sheƙi yake yi har ina ganin fuskata. Babu wanda ya amsa sallamar, sai ni na amsa a hankali don kada ta faɗi ƙasa. Ta sake yi. Wasu mutane da ke zaune kan kujeru suka ɗago kai, suka ga tsohuwa ba takalmi da zabbi a hannu, suka mayar da kai. Baba ya nufi wani dogon kanta inda wata budurwa ke yi masa Turanci, Iya ta bi shi ta ce a yi mata iso wurin mai gida. Nan fa ido ya raina fata. Baba ya durƙusa a tsakiyar wurin nan, da babbar rigarsa, ya gaya mata gaskiya: otal ɗin na wani kamfani ne, masu shi ba sa zama a nan, wataƙila ma ba sa ƙasar.

Iya ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye ƙullin kayanta ta zauna a kai, ta ce, “To ban sauka ba. Mai da ni gida.” Na san Baba, na kuma san ba zai yi mata musu ba. Sai kuwa na ji ya ce wa direba kada ya sauke sauran kaya. Ga ni a Abuja, lilon yana nan wani wuri a bayan gine-ginen nan, kuma za a juya da ni ban ko hango shi ba. Haushin Iya ya kama ni, haushin Baba ya fi. Ban san lokacin da na zare takardar daga hannunta na ruga ba. Duk wanda na gani da rigar aiki sai in nuna masa hoton. Wata mata mai goge ƙasa ta yi dariya ta nuna mini bayan gini, ta ce ya je salla.

A can na same shi, inda ake ajiye motoci, yana naɗe tabarma. Ya fi hoton tsufa, gemun ya yi fari fat, amma shi ne. Na durƙusa ina haki na ce, “Baba, kakata ce ta zo wurinka tun daga Kusada.” Ya tambaye ni wace ce, na ce ai ba ka san ta ba, na nuna masa takardar, na kwashe labarin duka na gaya masa har da na Jummai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya gyara hularsa, ya ce mu je.

Malam Haruna sunansa. Ya zo gaban Iya ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya yi mata maraba irin wadda take jira: ya hanya, ya gajiya, ya aka baro mutanen gida, ya amfanin gona. Sai da fuskarta ta saki sannan ya ce, “Iya, kada in cuce ki. Ni mai tsaron ƙofa ne, ko tubali ɗaya ba ni da shi a ginin nan.” Na ji kamar in toshe masa baki. Iya ta juya ta yi wa Baba wani kallo, Baba ya sunkuyar da kai. Ta tambayi dattijon shekararsa nawa a ƙofar, ya ce sha ɗaya. Ta ce su masu gidan fa, sun taɓa tsayawa nan sun tari baƙo? Ya ce shi dai bai gani ba. Sai ta jawo zabbin ta tura gabansa, ta ɗora ƙullin daddawa a kai, ta ce, “Kai na gani, kai ka amsa mani. A hannunka na sauka.” Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce baƙin da ya buɗe wa ƙofa ba su ƙirguwa, amma yau ne aka fara kawo masa tsaraba. Shi ya ɗauki ƙullin kayanta ya shige gaba. Ita kuma ta miƙe, ta ce wa Baba, “Kai kuma muna da magana,” ta kama wuyan hannuna muka bi shi.

Washegari na hau lilon. Bai taɓa gajimare ba, amma da ya kai ƙololuwa sai da na ƙwala ihu na kira sunan Umma. Iya na zaune a inuwa tana tsaron takalmanmu, da na sauko ta tsare ni da tambaya, wai su wa ke tura shi, a ina suka ɓuya. Da muka koma otal da yamma muka tarar da kwano da langa a lulluɓe, matar Malam Haruna ta aiko da tuwo da miyar kuka, ga naman zabo a sama. Duk abincin otal ɗin nan mai suna iri-iri, wannan kawai Iya ta zauna ta ci ta ƙoshi. Ranar da za mu tafi ya nemi wani ya tsaya masa a ƙofa, ya taka mana har bakin titi, suka yi ta yafe wa juna shi da Iya kamar sun shekara tare.

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Bara na kai nawa 'ya'yan irin wannan wasan. A waya na zaɓi otal, ina tsaye a kicin ina jiran shinkafa ta tsotse, ban tambayi kowa ba. Wuri ne mai kyau, ba ni da abin kushewa, yara sun yi iyo har fatar yatsunsu ta yamutse. Da safiyar tafiyarmu na ajiye katin buɗe ɗaki a kan kantar karɓar baƙi, ma'aikaciyar tana waya ta ɗaga mini hannu. Ƙofar da kanta ta buɗe. Yara suka ruga mota, ni kuwa na tsaya a bakinta da jaka a hannu ina waige-waige, har ƙaramar ta dawo ta ce, “Mama, me kika manta?” Na ce ba komai. Kwana uku na yi a gidan nan, na rasa wanda zan ce wa mun tafi.