Suna na Biyu a Takardar Mota

Shekara biyar na yi ina tuƙa motar yayana tsakanin Makka da Jidda, ko kaza ban taɓa bugewa ba. Wanit ce, irin wadda a gida ake kira a-kori-kura, muna kwaso kayan alhazai da na 'yan kasuwa daga tashar jirgin ruwa. Yaya shi ne mai motar. Ya riga ni zuwa da daɗewa, shi ya aika aka taho da ni ta Sudan, shi ya tsaya tsayin daka har na sami iƙama, wato takardar izinin zama, da lasisi. Shi ma yana da lasisin, amma in ya kama sitiyari sai ka ji tausayin motar.

Attajirin da ke ba mu kaya ya ce sai motar tana da inshora, wadda Larabawa ke kira ta'amin. Yaya bai so ba, don malaman unguwarmu suna ƙyamar abin, amma neman abinci ya kai shi wani ofis a Jidda. Aka rubuta sunansa a sama, nawa a ƙasa, a matsayin direban da aka yarje wa ya tuƙa. Ƙa'idarsu ita ce duk shekarar da ta ƙare ba a kai musu ƙarar haɗari ba, sai su yi wa mai takarda ragi a ta gaba. Mutumin da ya shiga ofishin nan yana sunne kai, sai ga shi a wurin mai shayi yana cewa, "Shekarata biyar fara tas, har Turawa sun shaida." Ina gefe ina jin sa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ni kuwa zaman ya ishe ni. Na san kowane rami na hanyar Jidda, na san inda akuyoyin Bahra ke tsallakawa. In na ga manyan motoci sun miƙa hanyar Madina sai in ji ƙafata tana ƙaiƙayi. Na kai shekara talatin, amma ko taya zan canza sai na tambayi Yaya. Ban faɗa masa ba, na je wani kamfanin jigila da ke neman direbobin manyan motoci. Suka gwada ni, suka yaba, suka ce in kawo wasiƙa daga masu inshora cewa ban taɓa haɗari ba.

Akawun ofishin inshorar wani dattijo ne Basudane, mai magana a hankali. Ya ce mini ragin na mai takarda ne, ko na shekara ɗari ina tuƙi ba ni da rabo a ciki. Amma wasiƙa zai iya rubutawa, tunda sunana bai taɓa fitowa a wata ƙara ba. Ya ce in dawo bayan aikin Hajji, in hayaniya ta lafa. Na yi aikin Hajjin shekarar kamar ina kan ƙaya, ina lallaɓa motar cikin cunkoson Aziziyya, kowa ya matso in ba shi hanya.

Bayan alhazai sun watse, wata safiya surukin Yaya da ya zo daga Kano ya ce yana son zuwa kasuwa. Ina cikin wanka Yaya ya ɗauki makulli, wai shi zai kai baƙonsa da kansa. Layinmu gangare ne. Na ji ƙarar tun ban ɗauraye sabulu ba. Da na fito, motar ta sulale da baya ta daki wata baƙar mota sabuwa da aka ajiye a gindin layi, ta kuma rushe gefen katangar mai burodi. Ba wanda ya ji ciwo.

Yaya ya ja ni bayan motar. "Kafin 'yan sanda su iso, ka ce kai ne."

"Yaya, ni ne me?"

"Kai ne ke tuƙi. Sunana ne mai ragin. Naka ai rakiya ya yi, ba abin da zai same shi."

Sai a lokacin na gaya masa maganar aikin da ta wasiƙar. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Ashe tafiya kake shirin yi ban sani ba." Bai ambaci Sudan ba, bai ambaci iƙama ba, amma duk na ji su. Ga kuma surukinsa tsaye yana kallonmu. Da 'yan sanda suka tambaya, na ce ni ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na faɗa, na kuma sa hannu.

Kwana uku bayan haka muka je Jidda da takardar 'yan sanda. Akawun ya karanta, ya rubuta a babban littafinsa, ya ce za su gyara motar mutumin da katangar. Sannan ya ce wa Yaya ragin shekara biyar ɗin ya tashi, za a faro daga farko.

Yaya ya ce, "Ya ustaz, ai ba ni ke tuƙi ba. Ga shi nan a rubuce."

"Ma'alesh, sai haƙuri, ya Hajji. Takardar taka ce. Ko kai ka tuƙa ko shi, ragin ya tafi."

Na tambayi akawun wasiƙata. Ya ɗora yatsa a kan sunana a takardar 'yan sandan, ya girgiza kai. Dattijon ba wawa ba ne, ya dubi Yaya, ya dube ni, ya ajiye alƙalami yana jira. Ni ma na jira. Kalma ɗaya daga bakin Yaya ta isa, tunda abin da yake karewa ya riga ya tafi. Yaya ya gyara hularsa, ya tambayi inda zai sa hannu.

A hanyar komawa muka tsaya a Bahra don injin ya huce, Yaya ya sa aka kawo mana shayi, har da tura mini nasa biredin. Yana kallon titi ya ce, "Wani hani ga Allah baiwa ne. Da ka tafi, wa zai riƙe mini motar?"

Na bar shayin a kan benci na je na duba ruwan injin. Na ƙara shekara tara ina tuƙa masa.