Baba Injiniya, Wanda Ya Karanta Idon Mijina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Laraba, sha bakwai ga watan jiya, ina goge wa maigidana fuska, wata ma'aikaciyar jinya ta kira ni a waya ta ce Baba Injiniya, dattijon da ke haɗa wa majinyata na'urori a asibiti, ya rasu. Na daɗe tsaye, tsumman yana ɗiga a ƙafata.

Baba, ranar da ka fara shigowa ɗakinmu na asibiti, haɗarin mota ya riga ya raba mijina da motsi da magana. Ido kawai ya rage masa. Ka kafa allon kwamfuta a gabansa da 'yar kyamara a ƙasa. Ka ce tana ɗaukar hoton ƙwayar ido da ɗan ƙyallin da ke kanta, ta kintaci inda mutum yake kallo. In ya iya bin ɗigon da ke yawo a allon, zai zaɓi haruffa ya yi magana. In ya kasa, wasu majinyata suna jiran na'urar.

Ya yi ta kasawa. Ɗigo yana dama, alamar da ke nuna inda yake kallo ta sulale hagu ta fice daga allon. Aka fara ba ni haƙuri da murya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ina kujerar bakin taga, na nutse cikin littattafaina na soyayya, inda ido kan haɗu da ido duniya ta tsaya cak. A can kaɗai nake samun numfashi.

Kai ba ka naɗe wayoyinka ba. Ka zauna da hotunan idonsa kana bin su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duban taurari. Wata safiya ka ɗago.

"'Yata, tashi ki koma bakin ƙofa."

Na koma. Alamar ta biyo ni.

"To, ga mai laifin!" ka ce. "Ina ta fama da ɗigo, ashe mutumin yana da abin kallonsa. Ajiye littafin nan, jaruminki ga shi a kwance. Zo ki bi ɗigon da yatsa."

Na bi, shi ma ya bi. Abin da ya fara rubutawa, harafi bayan harafi, shi ne: "Karanta mini."

Har yau nake karanta masa, yana tsokanata wai jaruman sun cika kuka. Wani lokaci nakan yi mafarkinka, Baba, kana tafe cikin wani fili mai haske, ɗigo yana gaba, kana bin sa ba gaggawa.

Da na faɗa masa rasuwarka, alamar ta fice daga allon, ta tsaya a ƙofa, inda ka saba shigowa. Ban ce na'ura ta yi kuskure ba. Can ta dawo, ya rubuta: "Allah Ya dube shi da idon rahama."

Amin. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ga matarka da 'ya'yanka da abokan aikinka, muna miƙa ta'aziyya, ni da bakina, shi da idonsa. Allah Ya ba mu haƙuri.