Feshin da Nasiru ya ce a yi

Shekara goma sha shida ke nan da muka binne ƙanena Nasiru a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, nesa da gonar inabin mahaifinmu da ke wajen Zariya, wadda saboda ita ya tafi karatu. Har yanzu idan inabi ya fara fure, shi nake fara tunawa.

Ni fataucin jakunkuna ya kai ni Sin, kullum ina hanyar kasuwar jakunkuna ta Shiling. Shi kuwa ilimin ƙwarin gona yake karanta a wata jami'a. Abin da ya dame shi tun yana yaro wata tsutsa ce da ke shiga cikin 'ya'yan inabi ta ruɓar da nonon inabi guda. Uwarta wani ɗan ƙwaro ne mai fukafukai, yakan zo ya sa ƙwai a kan fure. Nasiru ya ce ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa da ka, sai ya tara wani adadi na zafi. In ka auna zafin kowace rana ka zuba a kwamfuta, za ta nuna maka makon da tsutsar za ta fito, ka tare ta da magani kafin ta shige ciki. Da zarar ta shige, ko gangar magani ka juye mata ba ta san kana yi ba.

Ranar Juma'a in an sauko, mukan zauna cin abinci kusa da titin Liuhua Lu, da mu Kanawa da Zazzagawa da mutanen Maraɗi. Nan suka laƙaba masa Malamin Duban Ƙwari. Wani Alhaji ɗan Maraɗi yakan ce, "Malam, a duba mani, yaushe kwantenata za ta iso?" Nasiru sai ya kwaikwayi masu shago ya ce, "Meyo, lawban," wato babu, maigida. "Ni ƙwaro nake dubawa, shi ba ya saɓa alkawari." Na fi kowa dariya, amma a raina ina alfahari da shi.

Da wasannin Olamfik da za a yi a Sin suka gabato, sabunta biza ta yi wuya, da yawanmu muka tattara muka dawo gida. Shi ɗalibi ne, ya zauna. Ya cusa mani ma'aunin zafi da tarkunan ƙwari masu danƙo a cikin kaya, ya ce in rataye su a gonar Baba. Bayan an yi wa inabi aski ya toho, kullum in karanta ma'aunin in tura masa ta waya. Wata safiya ya kira ya ce, "Yaya, ka gaya wa Baba makon nan ne za a yi feshi. Kada ya wuce."

A garinmu kuwa ba a yi wa lafiyayyen inabi feshi. Duk wanda aka gani da famfo a baya, an san gonarsa ta kamu, kafin la'asar labari ya kai kunnen dillalai. Baba ya zaga gonar, ganye shar, fure tas. Ya ce, "In fesa wa me? In sa wa gonata bakin jini da hannuna, don yaro yana Sin ya ga tsutsa a kwamfuta?" Ba ƙin ɗansa yake yi ba. Gani ya kori ji, kuma shi bai ga komai ba.

Ba a daɗe ba aka gani. Inabi ya fara tsiyaya, ƙuda ya cika gonar, sannan kowa ya ɗauki famfo, an zo fafe gora ranar tafiya. Da na gaya wa Nasiru, bai ce ai na faɗa ba. Cewa ya yi baɗi zai zo da kansa, ya kama hannun Baba ya nuna masa ƙwan a bayan fure, domin dattijo ba a koya masa ta waya. Zazzaɓi ya kwantar da shi kafin baɗin, na koma Guangzhou na tarar da shi a asibiti, bai tashi ba. Abin da ya fi ci mani rai shi ne ya rasu yana zaton Baba bai yarda da shi ba.

Yau abin da aka yi masa dariya a kai ya shiga aljihu. Na ga matasan manoma suna duba waya ta gaya masu zafin gobe da lokacin feshi. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin zai yi murna, sannan ya yi faɗa, don ya tsani a bi na'ura ido rufe. Yakan ce lissafin da aka gina da zafin wata ƙasa ba zai san gonar Baba ba sai an auna a gonar Baba. Kuma zai ji haushin masu ambaliyar magani kowane mako, su kashe har da ƙudan zuma, alhali shi burinsa a fesa kaɗan a kan kari.

Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, bai karɓi takardar kammalawa ba. Ma'aunin nan dai yana rataye a gonar. Baba ya tsufa, ba ya iya ɗaukar famfo, amma shi ke sa a karanta masa zafin kowace rana, wani abokin karatun Nasiru yana yi mana lissafin. In makon ya zo, sai ya sa a fesa wa inabi lafiyayye da rana tsaka, kowa na kallo. Bara wani maƙwabci ya leƙo ya ce, "Alhaji, lafiya? Ban ga komai a gonar ba." Baba ya ce, "Ni ma ban gani ba. Nasiru ne ya ce a yi."

Allah Ya kai haske kabarinsa.